Tukunyar Ƙarshe a Baranda

"Yaya, tsaya! Mota za ta kwashe ka!"

Direba bai tsaya ba. Ya ratsa titi da gudu, rungume da tukunyar shuka a ƙirji, baƙin ruwa na ɗiga daga gindinta yana ɓata masa riga. Wani mai babur ya kauce da ƙyar, ya bi shi da zagi. Ƙanwarsa Auta na biye tana haki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Shekara talatin kana tuƙi kana zagin masu tsallaka titi kamar awaki, yau ga ka nan!"

Ko jin ta bai yi ba. Idonsa na kan shukar. Jiya da yamma a tsaye take. Yau da safe ya same ta kwance a bakin tukunya, dogayen sillayenta sun yi laushi, ƙananan furannin nan farare masu ratsin ja duk sun zube. Kuma ita ce ta ƙarshe. Tukwane goma sha biyu 'yarsa ta bari a baranda. Ma'aikaciyar jinya ce, amma tun tana makaranta Likita yake kiranta. Wata biyar ke nan da rasuwarta, kuma a wata biyar ɗin ya zubar da matattun shuka goma sha ɗaya da hannunsa.

A ƙarshen layi akwai rumfar wata tsohuwa mai sayar da furanni. Ya dire tukunyar a kan teburinta.

"Baiwar Allah, ki taimake ni. Mutuwa take yi."

Mai Furanni ta ajiye almakashi. Ta ɗaga tukunyar ta ji nauyinta, ta kife ta a kan buhu. Ƙasar ta faɗo jagab, wani wari ya tashi har Auta ta toshe hanci.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Sau nawa kake ba ta ruwa?"

"Safe da yamma. In an yi zafi, har da rana."

"Kifi kake kiwo ne, Malam?"

"Na faɗa masa," in ji Auta. "Na ce Yaya, ko kada ne a tukunyar nan ya ƙoshi."

"A ina kake ajiye ta?"

"A falo. Na ga rana tana dukansu a baranda, sai na shigo da su inuwa."

Tsohuwar ta tafa hannu. "Ka raba ta da rana, ka dulmuya ta a ruwa. Wannan shukar wahala take so! Rana tun safe, ƙasa mai yashi, ruwa sai ta bushe ƙamas. In ka ƙyale ta, wata bakwai tana fure, ta huta, baɗi ta dawo." Ta duƙa ta ƙara duban ganyen. "Kai, wannan ai daga rumfata ta fita. Wata yarinya ce ta saya, mai fararen kaya, mai tambaya kamar alƙali. Mai Taurin Kai take ce wa shukar. Ina ta shiga? Ita ai ta san kan shukar, ku kira ta."

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon takalmin da ke hannunta. Tsohuwar ta dubi wannan, ta dubi wancan, sai ta gane.

"Allah ya jiƙanta," ta ce a hankali.

Direba ya zauna a kan wani bulo. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Bayan an yi mata tiyata aka ce kada a ba ta ruwa. Kwana uku. Leɓenta ya tsage. Ta ce, 'Baba, ko kurɓi ɗaya.' Ita da ta fi ni sanin dokar. Kofin yana hannuna, na ce, 'Likita, yi haƙuri zuwa gobe.'" Ya goge fuska da hannun riga. "Goben ba ta zo ba. To, yanzu in na ga ƙasar nan ta fara bushewa, baiwar Allah, ba na iya wucewa."

Auta ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Wata biyar tana yi masa girki tana yi masa tsiya, bai taɓa gaya mata wannan ba.

Mai Furanni ta jawo wuƙa ta goge, ta shiga yankan saiwar. Doguwar saiwa ce kamar karas, amma ta ruɓe, tana narkewa a yatsa. Ta yanke ta jefar, ta yanke ta jefar. Da kowane yanka sai Direba ya runtse ido. Can sama, dab da kara, wuƙar ta ci karo da tauri.

"Tsaya. Ga fari."

Guntun bai fi babban yatsa ba, da 'yan siraran saiwoyi uku da ƙwayar toho ɗaya. Ta ɗauko ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ta zuba tsakuwa, ta cakuɗa yashi da ƙasa kaɗan, ta dasa shi.

"Za ta rayu?"

"Ban yi maka alkawari ba. Ka mayar da ita inda yarinyar ta ajiye ta. Rana awa shida, ba ragi. Kafin ka ba ta ruwa, cusa yatsa har gaɓa biyu. In ka ji sanyi, ka tafi ka nemi abin yi." Ta dubi Auta. "Ke, ƙwace masa kofin."

"Da bokitin duka," in ji Auta, tana jan hanci.

Gidansu a hawa na biyu yake, kuma barandar na kallon wani fili da babu komai a cikinsa, shi ya sa rana ke kwararowa tun fitowarta har bayan azahar. Babu wani lungu a gidan da ke samun ko rabin haka. Direba ya ajiye tukunyar daidai kan zoben da tsohuwar tukunyar Likita ta bari a siminti, ya jawo kujera.

Kwana na uku ƙasar ta yi fari. Ya tashi ya nufi famfo.

"Yaya!"

"Hannu zan wanke."

"Sau huɗu ke nan kana wanke shi. Zauna."

Ya cusa yatsa. Akwai sanyi a ƙasa. Ya zauna a kan tafukansa biyu kamar ɗalibin da aka hukunta, hawaye na bin gemunsa, yana kallon rana na dukan abin da ya rage masa.

Ran kwana na tara, da hantsi, ya ƙwala kira.

"Auta! Zo ki duba, ko idona ne?"

Ba idonsa ba ne. Ganye biyu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, sun huda yashi.

"Mai Taurin Kai," in ji shi, yana dariya yana kuka. "Likita, kin gani?"

Nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta buɗe. Wani dogon mutum ne da hular kwano ruwan ɗorawa, takardu a hammata, igiyar awo a hannu. Ya gaishe su, idonsa ya wuce su zuwa baranda.

"Baba, ni ne injiniyan ginin da za a fara a filin can. Hawa takwas ne. Jibi za mu rufe barandarku da katako saboda faɗowar duwatsu, sai an gama." Ya nuna da igiyar awon. "Wannan 'yar tukunyar, a shigar da ita ciki."