Furen da Ya Haukata Dokin Orval

Shekara goma sha tara Orval Hruska yana hawan Major, dokin bai taɓa ko zabura da shi ba. Shi ya sa ran da ƙanwarsa Verna ta ga Major ya miƙe kan ƙafafun baya saboda ɗan karan da ya gifta hanya, ya yi jifa da yayanta kan shingen waya, ta sandare da bokitin abincin kaji a hannu, ko ihu ta kasa.

Orval ya tsira da karayar haƙarƙari biyu. Dokin kuwa ya koma tangaɗi, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake rami, idanunsa sun dushe.

Washegari likitar dabbobi, Dakta Lindqvist, ta zo daga gari. Kallo ɗaya ta yi wa dokin ta ce a kai ta tudun da yake kiwo. Verna ta yi mata jagora. Watan Yuni ne, gangaren tudun ya cika da fure, fari da shunayya, irin wanda masu bin titin Nebraska kan tsaya su ɗauki hotonsa.

Likitar ta durƙusa ta tsinko ɗaya. "Da can akwai wannan a nan?"

"Ni na watsa irin, shekara uku ke nan," in ji Verna, har da ɗan alfahari. "Dangin wake ne, yana gyara ƙasa, shanu na ƙiba da shi. A bakin layin dogo na tsinci kwansonsa."

"Dangin wake ne kam, amma ba wanda kike nufi ba. Wancan ganyensa na bin kara har sama. Wannan duba, ganyen duk daga gindi yake fitowa, da gashi fari kamar furfura, karan furen kuma tsirara." Ta buɗe fure da farce. "Kin ga leɓen ƙasa yana da tsini kamar bakin tsuntsu? Loko ne, ciyawar hauka. Farin ya fi dafi, ke kuma kin haɗa duka biyun."

Verna ta zauna a ƙasa. "Zai warke?"

"Zai iya rayuwa. Amma ƙwaƙwalwar ta taɓu, kada kowa ya sake hawansa."

Verna ta daɗe a bakin ƙofar ɗakin Orval kafin ta shiga.

"Yaya, ni ce. Furen nan nawa ne ya yi wa Major haka."

Ya zuba mata ido. "Furen da kika hana ni nomewa? Har kina ce min baƙauye?"

"Shi."

Ya juya fuska bango. Da kyar ya ce, "Da hannuna nake kai shi can kullum, don na ga yana son wurin."

Verna ta ɗauki shebur ta koma tudun. Saiwar farko da ta tono ta kai tsawon hannunta. Wata biyu tana haƙa tana ƙonawa, ko da yake likitar ta gaya mata irin kan yi shekaru da yawa kwance a ƙasa bai mutu ba. Da Orval ya samu sauƙi, ya zagaye tudun da waya, ya mayar da Major ƙaramin fili kusa da gida. A can dokin ya yi shekara huɗu yana cin busasshiyar ciyawa daga hannun Verna, kafin wani hunturu ya tafi da shi.