Farar Wuta a Gonar Yamusa

Farar wutar da matatun mai ke cirewa suna jibgewa kamar shara, ita Zakiyya ta sarrafa ta mayar taki a ɗakin bincikensu da ke Idu. Ta sha wuya a kan aikin nan, ga shi Oga Leonard, shugabanta, ya gama magana: in gwajin bana bai nuna bambanci ba, to a rufe shi.

A Tungan Maje za a gwada. Tun kafin ruwa ya sauka ta kai wa Baba Yamusa buhuna, ta yi masa bayani dalla-dalla: ya zuba a gonarsa ta gyaɗa, ta maƙwabcinsa Silas kuwa a bar ta haka nan, don a kwatanta. Tsoho ya ce to.

Ranar da ta kawo Oga duba gonaki, tun daga bakin hanya ta ga akwai matsala. Gonar Silas ta yi kore shar, haka ma na kusa da ita har bakin rafi.

"Baba, me aka zuba a gonar Silas?"

"Ni na ba shi, na ba sauran ma," in ji Yamusa, ko a jikinsa. "Gayya ɗaya muke yi, 'yata. Yaya zan zuba abu mai kyau a nawa, su suna kallo?"

Wani alherin dai sai ya jiƙa maka aiki. Zakiyya ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Da me za ta kwatanta, tunda kowa ya samu?

"Mu je mu ga taka," ta ce.

Rabin gonar tsohon kore ne. Daga tsakiya zuwa gangare kuwa ganye ya yi rawaya, gyaɗar duk a tsumbure.

"Da na gama raba wa mutane, nan ya ƙare mini," ya ce, kansa a sunkuye. "Na ɓata miki aiki, ki yi haƙuri."

Oga Leonard ya tsaya daidai inda kore ya rabu da rawaya, ya dubi dama, ya dubi hagu. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, manomi ɗaya, taki ne kaɗai ya raba su.

"Zakiyya," ya ce, "baɗi ƙauyuka nawa za ki iya ɗauka?"

Daɗi ya kama ta. Amma rabin amfanin da tsohon ya rasa take kallo, tausayi ya cika mata ido da ƙwalla.

"Baba," ta ce, "baɗi da gonarka za a fara, kuma da hannuna zan zuba."