Matar da ke Jikin Bango

Safara'u ta gane kaskon da ke cikin zanen kafin ta gane kanta. Kunnensa ɗaya a karye, kamar yadda yake tun ranar da mijinta ya sayo mata shi a kasuwar Maigatari, wata biyu kafin motar hatsi ta kife da shi ya rasu.

Zanen na rataye a sabon gidan abincin Alhaji Haladu, wanda aka gina daidai inda take suyar ƙosai a Gumel kafin a tashe su. Baƙi da fari ne. Ga darbejiyar da aka sare, ga hayaƙi siriri yana murɗawa, ga mace durƙushe da goyo, ta karkata kafaɗa kada mai ya fallatsar wa yarinyar. Ba ta taɓa sanin tana yin haka ba. Ta tuno Malam Enoch, malamin zane, da ya yi safiya uku bara yana karce farantin ƙarfe da tsinke, ya ce za a shafa tawada a buga a takarda.

* * *

"Ku dubi mutanenmu na asali," in ji Alhaji ga baƙinsa. "Har ƙamshin kake ji."

Ta gyara goyon Muhsina, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, roƙo na zo. A bar ni in kafa murhu gefen katanga, ko da safe kawai. Bayan tasha da aka mai da mu ba mai wucewa, jiya da ƙulluna na koma gida. Ni ce wannan ta jikin bangon."

Ya dubi zanen, ya dube ta. "Ke bahaguwa ce?"

"A'a, Alhaji."

"To wannan da hagu take miƙa wa mutane abinci. Aibin hoton ke nan ma."

Baƙin suka yi dariya. Ta sake dubawa. Tabon ƙunar da ke hannunta na dama ya koma hagu, komai ya juye kamar a madubi. Ba ta san bugun farantin ne ke juya hoto ba. Alhaji ma bai sani ba.

"Baiwar Allah, hayaƙi zai ɓata min fenti. Yi haƙuri."

* * *

A waje ta sunkuya ta ɗauki kaskonta. Muhsina ta miƙa ɗan yatsa ta gilashin taga.

"Umma," ta ce.

"Yi shiru, uwata."

Can ciki, ƙarƙashin fanka, matar tana nan durƙushe a inuwar darbejiya, mutum huɗu na jiran ta kwashe.