Kansa a Nasu, Ƙafafunsa a Namu

Tsoho Pelenato maƙwabcinmu yana miƙe a gindin ulu, bishiyar nan mai manyan 'ya'ya da muke gasawa mu ci, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ɗansa Uelese yana zagaya shi da tsinke yana ja masa layi a ƙasa, sai ga Mama ta fito da tsintsiya.

"Me nake gani haka? Ya mutu ne?"

"Gwaji nake," in ji tsohon, ko ido bai buɗe ba. "Uelese, ƙara min kaɗan ta wajen ƙafa. Ba na son matsi."

"A nan? A gindin uluna? Tashi, tsoho, tun kafin in haɗa ka da ganye in share!"

Ina bakin madafa ina kankare kwakwa, dariya ta kusa sa in yanke hannu. Amma na san maganar ba ta dariya ba ce. Likitocin birnin Apia sun sallamo shi, sun ce ya koma gida ya ci abin da ransa yake so, shi ya sa ma Uelese ya baro aikinsa a Auckland, can ƙasar waje, ya taho. Mu kuwa a ƙofar gida muke binne namu, kuma inda mamacinka ya kwanta babu mai bakin cewa wurin ba naka ba ne. In Pelenato ya shiga ramin nan, bishiyar da ƙasar da take kai sun bar gidanmu ke nan har abada.

Bishiyar nan kamar da gayya ta tsiro, daidai kan iyakarmu da su. Pelenato ya ce daga saiwar bishiyar ubansa ta fito. Mama ta ce a wurin ta binne mabiyiyata ranar da ta haife ni, kuma tunda a bakinmu ƙasa da mabiyiya sunansu ɗaya, fanua, to shari'a ta ƙare. Dattawan gari sun zauna a kan maganar har suka gaji, suka ce kowa ya ci abin da ya faɗo ɓangarensa. Tun daga nan Mama take ɗaure rassa da igiya tana janyo su wajenmu, shi kuma yana bi da doguwar gora yana turawa wajensu. A haka na girma, ban taɓa ganin an yi hannu ba, ban kuma taɓa ganin gari ya waye ba a yi cacar baki ba.

Sai kuma waƙar. Tun ina goye Pelenato ya ɗauki 'yar jitarsa ya yi ta don ya ƙular da Mama:

"Ulu nawa, ulun Pelenato,
ka leƙa maƙwabta, ka dawo gida."

Waƙar ta shiga gari, kowa ya cire sunan Pelenato ya sa nasa, har ta zama ba a tashi daga biki sai an yi ta. Shi ya ce tasa ce. Mama ta ce karin nata ne, da shi take lallashina in yi barci, ya tsinta ta kan shinge ya liƙa masa shirmensa. Ni da aka lallasa da ita ba wanda ya taɓa tambayata.

Bayan ranar gwajin jikinsa ya yi ƙasa sosai. Aka shimfiɗa masa tabarma a buɗaɗɗiyar rumfarsu da ke fuskantar titi. Mama ta dafa romon kifi da madarar kwakwa, ta ce in ɗauko in biyo ta.

"Kada ki zaci tausayi ne," ta ce da ni a hanya. "Ba na so ya mutu bai janye maganarsa ba."

Ya sha cokali biyu, ya lumshe ido. "Gishiri ya yi yawa."

"Bakinka ne ya lalace."

"Tsohuwa, mu yi musaya. Ki bar min gindin ulu, in bar miki waƙar."

"Ji min mutum! Ka ba ni abina, ka karɓe min abina? Wayonka ko ciwo bai taɓa shi ba."

Ba ta rufe baki ba sai ga bas ɗin Apia ya tsaya a ƙofar gida zai sauke mutane, kiɗa yana tashi kamar zai ɓalle katakon jikinsa. Waƙar ce. An sa mata ganguna da jitar lantarki, wani yaro mai zaƙin murya yana rerawa, sai dai babu ulu a ciki, babu Pelenato. Cewa yake, "Masoyiyata, ki leƙa maƙwabta, ki dawo gida."

Mama da tsohon suka dubi juna. Sai suka ɗaga murya tare, "Ɓarayi!"

"Sun cire min suna!" in ji tsohon, yana ƙoƙarin tashi zaune.

"Sun ɓata min kari! Ji yadda suke gudu da shi kamar kare ya biyo su."

Uelese ya matso da saurinsa. "Baba, wannan ba a bari. A can akwai lauyoyin da aikinsu ke nan. Sai dai za su tambayi sunan mai waƙar."

"Ni!" suka sake haɗa baki.

Shi ke nan, dariya ta ƙwace wa tsohon har tari ya sarƙe shi, Mama tana buga masa baya tana share nata hawayen da gefen zani. Mutanen cikin bas kuwa ba su san me ake ba. Amshi suke yi, wata mata mai kwandon ayaba a cinya tana kaɗa kai, yara suna dukan jikin motar.

"Dube su," in ji shi bayan ya samu numfashi. "Ko ɗaya bai san da mu ba."

"Amma sun iya amshin."

Bas ya tashi, kiɗan ya yi ta raguwa har ya sha kwana. Pelenato ya daɗe yana kallon bishiyar.

"Telesia," ya ce. Ban taɓa jin ya kira ta da sunanta ba sai ranar. "Kin zaci ƙasar nake so in ci? Ita ce fa za ta ci ni. Inuwa nake so, da inda zan riƙa jiyo masifarki da safe."

Mama ta tattara kwanonta muka dawo gida, ranar ko faɗan kaji ba ta yi ba.

Ya cika ranar Lahadi da hantsi, hayaƙin gasa ulu ya lulluɓe gari, ana ta shirin coci. Na yi kuka fiye da yadda na zata. Mutumin da kullum nake jin muryarsa kafin in ji ta zakara, wai shi ne ya yi shiru.

Da masu haƙa suka zo, sai suka tsaya cirko-cirko a gindin bishiyar, kowa ya riƙe shebur ɗinsa. Layin da Uelese ya ja yana nan, amma ba mai ƙarfin halin sa ƙarfe a ƙasa. Mama ta fito da tsintsiyarta, ta share layin tas. Na ga fuskar Uelese ta canza. Sai ta juya tsintsiyar, ta ja wani layin da gindinta, wannan karon a gicciye, ya ratsa iyaka, rabi can rabi nan.

"Ku haƙa a haka. Kansa a nasu, ƙafafunsa a namu. Da ma duk rayuwarsa ƙafafun nan a harabata suke yini."

Uelese ya sosa ƙeya. "To, Mama Telesia, in aka yi haka kabarin na wane gida ne? Bishiyar fa?"

"Je ka tambayi lauyanka."

Haka aka yi. Aka shafe kabarin da siminti, aka sa fararen tayil, Uelese ya koma bakin aikinsa. Ulu kuwa ba ya gajiya da zubar da ganye, kullum Mama sai ta share kabarin, amma daga ƙugu zuwa ƙafa kawai. Ta ce sauran ba huruminta ba ne, ta kuma faɗa da ƙarfi don na kwance ya ji.

Ran nan da safe na fito zubar da ruwa, na hango ta a sunkuye tana shara tana rera waƙar a hankali, da karinta na asali, irin na lallashin yaro. Tsintsiyar ta kai ƙugu, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce ta bi ƙirji har zuwa kai. Da ta zo wurin suna, ba ta sa nata ba.

"Ulu nawa, ulun Pelenato."

Wani ganye ya sake faɗowa daidai kan iyakar, ta sa hannu ta ɗauke.