Haƙorin da Na Sa a Wuta

Ni ɗan maƙera ne, kuma a gidanmu duk ƙarfen da ya yi gardama wuta ake kai shi. Da wannan ilimin na shiga garejin Alhaji Sabitu a Nguru a 1954, lokacin da motocinsa ke jigilar gyaɗa daga Gashuwa zuwa tashar jirgi.

Akwai injin feƙe ƙarfe ɗaya a garejin. Babakura ne a kansa, dattijo mai faɗan tsiya da hannu mai kyau. Bakin injin haƙora uku gare shi, su ke damƙe ƙarfe ana juya shi. Daga Ingila aka kawo su a taurare, zarto ma zamewa yake a kansu.

Wata Juma'a Babakura ya riga ni tafiya masallaci, ya bar mini wankin haƙoran. Ɗaya ya cije. Maimakon in jiƙa shi da kananzir in jira, sai na ɗauko fitilar walda na gasa shi har ya yi ja. Ya fito salin-alin. Da ya huce na ga launinsa ya sauya, na san na kashe taurinsa. Na goge shi da yashi, na mayar, na ja bakina.

Haƙorin ya dinga cinyewa a hankali. Duk abin da Babakura ya feƙe sai ya karkace kamar faɗin gashi. Ya auna, ya sake aunawa, ya murza ido. Da mota ta uku da ya yi wa aiki ta lalace ta kwana a hanyar Jajimaji, Alhaji ya ce tsufa ne, aka sallami Babakura. Ni aka ba injin, na sa aka kawo sababbin haƙora a jirgi.

Kunya ta ci ni shekara biyu kafin na bi mota zuwa Gashuwa, inda Babakura ya koma, in faɗa masa gaskiya.

Matarsa Yagana ce ta riƙo hannunsa zuwa zaure.

"Baba, me ya sami idonka?"

"Bilya ne? Ai da na ga aiki yana lalacewa na san yanar ido ce ta fara rufe mini gani. Na kai wa wani mai cire ta da allura a kasuwa. Ya yi na dama, ya yi na hagu, duka biyun suka mutu." Ya lalubo gwiwata ya dafa. "Wallahi lokacin ina ganin komai tar, sai dai ƙarfe ba ya ƙarya. To, me ke tafe da kai?"

Na ce gaisuwa ce kawai.