Tsuntsun Dalma

Aikinsa fasa tsofaffin baturan mota ne. Da gatari ake tsaga su, a zubar da ruwan, a zaro dalmar ciki a narka a tukunyar ƙarfe. Shekara tara yana wannan aiki, har mutanen layinsu suka manta sunansa, sai Mai Batir. Kullum da yamma yakan dawo furu-furu da ƙura tun daga gira har takalmi, 'yarsa mai shekara uku tana bakin ƙofa tana jira. Da ta hango shi sai ta sheƙo ta ɗafe shi, ta cusa fuska cikin rigarsa, ba mai iya ɓamɓare ta. Shi ya sa uwarta ta sa mata Kaska.

Sai yarinyar ta fara ciwon ciki, ta ƙi abinci, 'yan kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A asibiti aka ɗebi jininta. Nas ta dubi takardar sakamakon, ta dubi faratan uban, ta tambaye shi sana'arsa.

"Dalma ce a jininta, Malam, kuma kai kake kai mata har gida. Ƙurar nan ta jikinka. Kada ta ƙara taɓa ka sai ka yi wanka ka sake kaya. Da so samu ne ma ka bar aikin."

"In bar shi in kama wanne, Malama?"

Ta mayar da kai ga rubutunta. Wannan ba ya cikin takardar.

Babu famfo a wurin aikin, banɗakin gidan hayarsu kuma yana can ƙurya, sai an wuce ƙofar ɗakinsu. Don haka kullum in ya shigo, uwar takan riƙe Kaska tana zillo tana miƙo hannu, shi kuma ya raɓa bango ya wuce kamar wanda ya yi sata. Kafin ya fito wanka ta gaji da kuka ta juya masa baya. Bayan mako biyu ta daina zillon.

Abin ya tsaya masa a rai. Wata rana da ana hutun rana ya kwaɓa laka ya yi ɗan mazubi, ya zuba narkakkiyar dalma, ya fitar da ɗan tsuntsu kamar babban yatsa. Ya goge shi sumul. Ƙura aka ce masa ita ce cutar, saboda haka ya wanke shi da sabulu har sau uku.

"Ashe kana da hannu, Baban Kaska," in ji matarsa. "Ni shekara biyar ko zobe ban gani ba."

"Ke ai ba ki yi fushi da ni ba."

"Bari in fara."

Kaska ta karɓi tsuntsun, ta yi murmushinta na farko cikin wata guda. Da shi take kwana, da shi take tashi. Yawanci yana bakinta. Iyayen har daɗi suke ji, bakin da ya ƙi abinci ya samu abin yi.

Bayan wata uku suka koma asibiti. Nas ta daɗe tana kallon sabuwar takardar.

"Dalmar ta ƙaru. Malam, gaya mini gaskiya, kana wankan nan kuwa?"

Ya miƙa mata hannuwansa, duk sabulu ya tsattsaga su. A daidai nan Kaska ta zaro tsuntsun daga baki don ta yi tari. Bakin tsuntsun ya sirance saboda tsotso.

"Wannan fa?" in ji nas a hankali.

"Ni na yi mata. Na wanke shi. Sau uku."

Matarsa ta dafe baki. Nas ta ajiye biro, ta ce magani zai rage abin da ke jinin, amma abin da ya riga ya taɓa a ƙwaƙwalwa, ba za ta yi musu alkawari ba. Sannan ta ce a karɓe tsuntsun yanzu.

Shi ya karɓe. Sai da ya buɗe yatsun yarinyar ɗaya-ɗaya. Ba ta yi wani dogon kuka ba, kallonsa kawai ta yi.

Washegari ya tafi aiki, don babu wani wurin zuwa. Ya jefa tsuntsun cikin tukunya, kafin ya gyara tsayuwa ya narke. Da yamma ya shigo gida, ya raɓa bango kamar yadda ya saba. Babu kowa a bakin ƙofa.

"Ruwanka na banɗaki," in ji matarsa daga cikin ɗaki.

Ya shiga ya daɗe yana cuɗa jiki.