Tayar Tarakta a Asibitin Haɗeja

Badamasi masunci ne a Guri, kuma tun yana saurayi aka san shi da iya tura kwale-kwale cikin kacalla, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa. Wata rana yana dawowa daga kasuwa ya faɗo daga kan babur, kafaɗarsa ta dama ta goce. An mayar da ita, ciwo ya lafa, amma hannun ya ƙi komawa yadda yake.

Ƙaninsa ne ya kai shi sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Haɗeja, wajen wani matashin ma'aikaci mai suna Sunusi. Sunusi ba mai yawan magana ba ne. Ya kwantar da shi rigingine a kan benci, ya ba shi ƙarfe a kowane hannu, ya ce ya riƙa turawa sama daga ƙirji. A hankali nauyin ya yi ta ƙaruwa, har Badamasi ya fara ɗaga abin da samarin asibitin suke kallo da mamaki. Sai ya yi sallama, ya koma gida yana murna.

Amma ranar da ya shiga ruwa, yana kafa gora zai tura, jirgin ya karkata, kafaɗar ta saki kamar ba tasa ba. Da ƙyar ya kai gaɓa. Ya koma Haɗeja ransa a ɓace, ya ce da Sunusi aikinsu bai yi ba.

Sunusi bai musa ba. Ya sa shi ya nuna masa yadda yake tsayawa a jirgi, da inda yake dafa gorar, da yadda ruwa yake juya shi. Ya daɗe yana kallo.

"Baba, ƙarfin yana nan," in ji shi. "A kan benci muka tara shi, shi kuwa benci ba ya motsi. Jirginka yana motsi."

Da Badamasi ya sake zuwa, sai ya tarar da tiyub ɗin tayar tarakta an hura shi, an ajiye a tsakar ɗaki. Sunusi ne ya samo shi wajen masu faci. Ya ce ya ɗora bayansa a kai, ƙafafu a ƙasa, sannan ya miƙa masa ƙarafa ƙanana, waɗanda Badamasi ya raina. Yana turawa tiyub ɗin ya fara lilo. Cikinsa ya ɗaure tamau, gumi ya keto masa.

Sunusi ya ɗora yatsa a gefen cikin Badamasi, ya kuma taɓa bayan kafaɗar. Ya yi masa bayani cewa a kan abu mai lilo mutum ba ya iya ɗaga nauyi mai yawa, kuma tsokar ƙirji ba wani ƙarin aiki take yi ba. Waɗanda suke farkawa su ne tsokokin ciki da na baya da ƙananan da ke riƙe kafaɗa, su ne suke hana mutum kifewa. Bai hana shi benci ba, ya ce kowanne da amfaninsa.

Abin da ya fi burge Badamasi shi ne haƙurin yaron. Duk sanda ya zame, Sunusi yana tsugune a gefe ya tare shi, kuma bai taɓa yi masa dariya ba. Daga baya ya koma sa shi turawa da hannu ɗaya, sannan a tsaye a kan katifa.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya shiga wani ƙauye kusa da Guri. Badamasi na cikin waɗanda suka kwashe mutane. Ya ɗauki tsofaffi da awaki da buhunan gero, ya yi ta kai da kawowa har la'asar, jirgin na tangaɗi da kaya, shi kuwa yana tsaye daram. Da ya sauke na ƙarshe, wata tsohuwa ta riƙe hannunsa na dama tana sa masa albarka. Ya ce mata ta haɗa da wani yaro a Haɗeja, sunansa Sunusi.